Kafin ka ɗaura ma motarka turbo

  

Yau maganar mota na kawo muku. Duk mai matashi a gida ya ga irin bidiyon da yaranmu ke kallo a TikTok da Facebook: mota na juyi wuri guda, tayoyi na hayaƙi, injin na kuka, jama'a sun kewaye fili suna ihu. Wasan mota ne na samarin Kano da Kaduna da Abuja, kuma daga kallo sha'awa ta shigo har nan Tibiri da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi. Yaro ya yi cirani ya samu ƴan kuɗɗi, ya sayo tsohuwar BMW ko Golf ko Marsandi, kalmar farko da ke bakinshi ita ce turbo. Cikin waɗanda sunka yi mini maganar, a waya ko a fada wurin shayi, ban ji wanda ya ce ƙarami yake so ba. Kowa babba yake nema, wanda in an buɗe gaban mota za a ce kai!

To abin da nake son samarinmu su ji shi ne, ba a zaɓen turbo da ido. Injin ne ke faɗin girman da zai iya ɗauka, sannan hanyar da motar za ta bi, da man da za ta sha, da zafin garin da take ciki su sa baki. Wanda ya tsallake wanga lissafi kuɗɗinshi za su ƙone, in da ƙarar kwana kuma abin ya wuce kuɗɗi.

Mu fara da aikin turbon kanshi, don da yawa sunan kawai sunka riƙe. Kowa ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yaro na zuga. Gawayin bai ƙaru ba, amma da iska ta shiga sai wuta ta yi ja har ƙarfe ya yi laushi. Injin mota ma wuta ce a cikin ƙarfe, kuma iska yake ci fiye da mai: kafin kilo ɗaya na esansi ya ƙone sarai, sai ya samu iska kilo 14.7. Ke nan ƙarfin injin yana ga yawan iskar da ya iya shaƙa. Turbo zugazugi ne, sai dai ba hannu ke zuga shi ba, hayaƙin motar ne. Farfela biyu ce bisa sanda guda, kowace cikin gidanta mai kamar katantanwa. Hayaƙin da ke fita daga injin ya bugi ta farko ya juya ta, ita ta juya ta biyu, ta biyun ta zuƙo iskar waje ta matse ta ta cusa ma injin. Sandar nan, a ƙananan motoci, kaurinta kamar na biro ne, tana juyi sau 150,000 ko fiye a minti ɗaya, kuma ɗan siririn man injin ne kaɗai ke tsakaninta da ƙarfe. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan injinan gazuwal kafin ta shigo ƙananan motocin sayarwa a Amurka a 1962.

Abin da za a riƙe a nan ɗaya ne: hayaƙin injin ne ke tuƙa turbo. Ƙaramin injin hayaƙinshi kaɗan ne, kuma babbar farfela ba ta motsi da hayaƙi kaɗan.

Maganar ta shigo har gidanmu. Ɗan yayata ya yi shekara ukku yana aikin gini a Libiya. Da ya dawo ya sauka Yamai ya sayi BMW 320i, ƙirar shekarun 1990 da samari ke ce ma E36. Injinta lita 2 ne, silinda shidda, ƙarfin doki 150 ranar da ta fito daga kamfani. Motar nan ita ce dukiyarshi duka, kuma ita ce motar gida. Ita ke kai tsohuwarmu asibiti Dogon Dutsi, in kuma haihuwa ta zo ma wata da gardama cikin dare a unguwa, ƙofarshi ake bugawa. Wata rana da la'asar sai ga shi da buhu a kafaɗa yana nishi. Ya sauke ya buɗe, turbo ne na kamiyo, irin na DAF mai jan tirela.

Ya ce, "Kawu, jika ɗari da ashirin na ba da. Mai shi ya ce doki ɗari biyar zai ba ni."

Uwarshi ta riga ta kira ni tun da safe. Ta ce, "Kai yake jin maganarka. In motar ga ta mutu, shekara ukkunshi ta mutu."

Na san in na ce mishi a'a kai tsaye, gobe zai tahi wurin wanda zai ce mishi e. Sai na ce mu ɗauki buhun mu je Dogon Dutsi wurin wani dattijon makanike da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci a Kwatano. Baba ya juya turbon, ya sa yatsa ya kaɗa farfelar, ya ce lafiyarshi lau, mai kamiyo zai yi murna da shi. Daga nan ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Lissafin da ya yi muna ɗan firamare ma zai iya shi, shi ya sa na kawo muku shi.

Injin mota sai ya juya sau biyu kafin kowace silinda ta shaƙi iska sau ɗaya. Don haka ka ɗauki litar injin, ka ninka da juyin da yake yi a minti, wanda direbobi ke ce ma tur, ka raba biyu. Injin kamiyon nan lita 12.6 ne, yana ba da cikakken ƙarfinshi a wajen tur 1,900. Lissafi ya ba da iska kusan lita 12,000 a minti, tun ma turbon bai fara matsa ta ba. BMW ɗin ɗan yayata, a tafiyar yau da kullum bisa tur 3,000, lita 3,000 take shaƙa. Ko ya taka ta har allura ta kai 6,000, kusa da jan layi, lita 6,000 ne, rabin abin da turbon ya saba gani. Baba ya aje tsinken ya ce, "Ɗana, wanga abu numfashin raƙumi ya saba da shi, kai ko ɗan akuya ka kawo mishi."

To mi ke faruwa in mutum ya yi taurin kai ya ɗaura? Na farko, jinkiri. Ka taka totur, motar ta yi shiru kamar ba ta ji ba, don hayaƙin bai kai ya tada farfelar ba. A tur 2,000 babu komi, a 3,000 babu komi, a 4,000 ma sai ɗan fito. Ku kwatanta da babbar hanya tsakanin Kore Mairuwa da Doso. Ka fito za ka wuce tirela, ka ba ta wuta, kana ƙirga ɗaya, biyu, ukku, ga babbar bis ta taso daga gaba, ƙarfin da ka sayo da guminka yana barci. Na biyu, in ya farka, gaba ɗaya yake farkawa. BMW da tayoyin baya take tura kanta. Ƙarfi ya zubo musu lokaci guda a kan kwana, ko bisa kwalta mai yashi a gefe, sai bayan motar ya nemi wuce gabanta. Na ukku, hanyoyinmu na cikin dallol, wajen Dumega da Gesheme da ƙauyukansu, yashi ne da kwari da ramu. A yashi ƙarfin ƙasa ake so, wanda ke zuwa tun injin na juyi a hankali. Motar da ba ta da ƙarfi sai a tur 5,000 haƙa rami za ta yi ta zauna ciki, a zo da shanu a jawo ta.

Akwai kuma wata ƙara da samari ke mutuwar so a bidiyo, wagga "tu-tu-tu" da ake ji in direba ya ɗaga ƙafa. Iska ce da turbo ya matso, injin ya rufe mata ƙofa, ta rasa wurin zuwa ta koma tana bugun farfelar. Daɗin ji gare ta, amma kowane bugu a jikin sandar nan yake sauka.

Masu lambu na Dallol Mauri sun riga samari sanin wagga magana. Wanda ya ɗaura babban injin ban ruwa bisa ƴar rijiyar burtsatse wadda idonta bai da ƙarfi, minti kaɗan zai ga ruwa, daga nan tiyo ya fara tari yana zuƙo iska da yashi. Shi ya sa manomin kirki yake auna rijiya kafin ya tahi kasuwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kada kuma wani ya ce to bari in sa ɗan mitsitsi in huta. Turbon da ya yi ma injin kaɗan shi ma da tashi matsalar. Da wuri yake farkawa, tun tur 1,500 za ka ji mota ta ja ka, ka ce ka dace. Amma da allura ta hau, ƙofar hayaƙinshi ta yi ma injin ƙunci. Hayaƙi ya taru a baya, zafi ya koma cikin injin, farfela ta wuce juyin da anka yi ta dominshi, iskar da take turawa ta zama zafi zalla. Kamar ɗan kokowa ne da anka toshe ma hanci ɗaya: kamun farko da ƙarfi, in wasa ya yi tsawo sai haki. Haka ke faruwa in an ciro turbon ƙaramar motar gazuwal mai lita 1.4 ko 1.5 an liƙa ma injin esansi mai lita 2.

To yaya ake zaɓe? Daga tambayar da mutum zai yi ma kanshi ake farawa: doki nawa nake so, a wane tur, kuma a wace hanya? Iskar da muke shaƙa nauyinta kamar bar ɗaya ne. In turbo ya ƙara rabin bar, injin ya samu iska ninki ɗaya da rabi. A takarda, doki 150 ya zama 225. A zahiri zafi da sauran asara za su ci nasu, a tsaya wajen 200, in ma injin bai tsufa ba. Ga motar da ba a buɗe cikinta an canza komi ba, rabin bar ɗin nan ma ba wasa ba ne, kuma ƙarin doki 50 bisa 150 duk direba zai ji shi a bayanshi.

In ka san dokin, ka san iskar. Ƙa'idar da masu wanga aiki ke bi ita ce, injin esansi na bukatar iska kamar kilo 4.5 a minti don kowane doki 100. Mai neman doki 200 zuwa 220 yana neman turbon da ke jin daɗin tura kilo 9 zuwa 10 a minti. Kamfanoni irin su Garrett da BorgWarner suna fitar da taswirar aikin turbonsu: zane ne mai kamar tsibirai, wani cikin wani, na tsakiya shi ne inda turbon ke matsa iska ba tare da dafa ta sosai ba. Ana so bukatar injinka ta faɗa tsakiyar nan a yawancin tafiyarka. Akwai ɗan faranti a jikin turbo mai lamba. Yaron da ya iya neman bidiyon wasan mota a waya ya iya buga lambar nan a intanet ya ga motar da anka yi shi dominta.

Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka dubi abin da kamfanoni sunka sa ma injinan esansi masu girman naka. Subaru Impreza mai lita 2 ta fito da TD04 na Mitsubishi, tana ba da doki wajen 220. Nissan 200SX mai lita 2 ta fito da T28 na Garrett, doki 200. Audi TT mai lita 1.8 ta fito da K04, doki 225. Waɗannan duka da hannu ɗaya za ka ɗaga su, ba sai an saɓo su a buhu ba. Injiniyoyin da sunka zaɓe su suna da duk girman da suke so a gabansu, kuma a nan sunka tsaya.

Akwai wata lamba kuma da ake zubawa a jikin gidan farfelar wasu turbo, bayan haruffa A/R, kamar 0.48 ko 0.63 ko 0.82. Faɗin hanyar hayaƙi take nunawa. Ƙaramar lamba, ƙunƙuntar hanya, turbo ya farka da wuri amma ya gaji a sama. Babbar lamba, ya makara amma ya yi numfashi a sama. Ana kwatanta lambar ne tsakanin turbo ƴan gida ɗaya. Ga lita 2 da irin hanyoyinmu, na ƙasa ko na tsakiya shi ne abokin tafiya.

A kiyaye da abu ɗaya wurin saye. Yawancin turbon da ke yawo a wuraren tsofaffin kayan mota, daga Katako a Yamai har Ƙofar Ruwa a Kano, na motocin gazuwal ne, don su sunka fi zuwa da shi. Na Hilux D-4D da ire-irenshi suna da ƴan fukafukai a ciki masu buɗewa da rufewa. An yi su don hayaƙin gazuwal, wanda zafinshi ke tsayawa wajen digiri 700 zuwa 800. Hayaƙin esansi yana haura 900. Fukafukan nan ba su daɗewa a irin wagga wuta, sai su maƙale. In kuma tsohon turbo ne ko wane iri, a kama sandar a gwada: in tana gaba da baya, ko farfela na gogar gidanta, ko bakin fukafukinta ya ɓantare, ko gidan hayaƙi ya tsage, a bar ma mai shi kayanshi ko da kyauta ne.

Yanzu mu zo ga abin da bidiyon Turai ba ya faɗi, wato ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45 a nan. Iska mai zafi ba ta da nauyi: a digiri 45 ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100. Tun a nan motarka ta yi asara. Sannan matsa iska na ƙara mata zafi. Iskar da ta shiga turbo a digiri 45, in an ƙara mata rabin bar, tana fita wajen digiri 100. In bar guda ne, ta haura 140. Shi ya sa a wurinmu radiyatan iska, wanda ake sa wa tsakanin turbo da injin don ya huce ta, dole ne. Ga ƙurar hunturu kuma. Farfelar da ke juyi sau 150,000 a minti, ƙwayar yashi a wurinta harsashi ce. Samarin da ke cire akwatin matatar iska su ɗaura ɗan buɗaɗɗen nan mai launi don ƙara ta fito, yashin dallol suke gayyata cin abinci.

Sai mai. Wani ya sha a gidan mai, esansin SORAZ da matatar Damagaram ke tacewa tun 2011, gobe tafiya ta kama shi a ƙauye ya sha na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa. Injin da bai da turbo yana haƙuri da wannan canji. Mai turbo bai da wanga haƙuri. In iska ta yi zafi, matsi ya yi yawa, mai kuma ya yi rauni, sai wuta ta riƙa fashewa a cikin silinda ba bisa tsari ba. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarar nan kan fistan take ci. In an ci gaba da takawa, ƴan daƙiƙu sun isa a huda fistan ko a ƙona juwan kilas.

Cikin injin ma sai an tambaye shi. Injin 320i yana matse iska da mai fiye da ninki 10 kafin wuta ta kama. Motocin da na lissafa muku, waɗanda sunka fito da turbo daga kamfani, ninki 8 zuwa 9 suke yi, an rage da gangan don a bar ma turbo wuri. Direbobin Land Cruiser sun san misalin. Toyota na da injin 1HZ, lita 4.2, babu turbo, doki kamar 130, wanda ke cikin motocin asibiti da na ma'aikatu da yawa a ƙasar nan. Ta taɓa ƙera ɗan'uwanshi 1HD-T, lita 4.2 shi ma, mai turbo, doki kamar 165. Don ƙarin doki 35 kaɗai, kamfanin ya canza fistan, ya canza yadda ake fesa gazuwal, ya sauko da matsi daga wajen 22 zuwa ƙasa da 19. In masu ƙera injin sun yi wanga taka-tsantsan, mai walda a bakin hanya da ya ce zai ninka maka ƙarfi sau ukku da bututu biyu, ka tambaye shi a injin wa ya gwada.

Kuma kuɗɗin turbo shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru, ke nan anjekter manya da famfon mai mai ƙarfi. Dole a sake ma ƙwaƙwalwar motar karatu ta san sabon ma'auni, kuma masu kwamfutar da sunka iya wanga aiki a manyan birane suke. Ga ƙofar rage hayaƙi wadda ke hana matsi wuce iyaka, ga bututun da zai kai ma turbo mai ya maido shi, ga radiyatan iska, ga kuloci mai riƙe sabon ƙarfi, ga radiyatan ruwa mai lafiya. Bayan haka ga ladabin yau da kullum: man injin mai kyau, juye shi kan lokaci, kuma in an sha doguwar tafiya a bar mota ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki a tsaye kafin a kashe, don kada mai ya ƙone bisa sandar da ta yi ja.

Manyanmu sun tuna lokacin da gasar Paris-Dakar ke ratsa ƙasarmu ta Tenere da Agadas da Yamai. Akwai darasi a ciki. Peugeot 205 Turbo 16, mai injin lita 1.8, ta ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, kuma a ƙarshe ƙarfinta ya haura doki 450. Motocin ajin nan sun yi ƙarfin da ya fi hanyoyinsu. A watan Mayun 1986 direba Henri Toivonen da abokin tafiyarshi Sergio Cresto sunka mutu cikin Lancia a tsibirin Korsika, anka soke ajin gaba ɗaya. Sai Peugeot ta juyo da motarta hamada. Da za su shigo yashinmu da zafinmu, sun ƙara mata tsawo don tankunan mai, sunka kuma rage ƙarfin zuwa wajen doki 360, don tafiyar ɗaruruwan kilomita a rana injin mai jimiri take so. Da wanga ragin Ari Vatanen ya ci gasar 1987, kuma Peugeot ta riƙe ta shekara huɗu a jere har 1990. Mutanen da ke da injiniyoyi da jirgin ɗaukar kayan gyara sun sassauta ma injinsu saboda ƙasarmu. Mu da ke jiran kayan gyara makonni, musamman tunda iyakar Gaya da Malanbil ta rufe a 2023, ai mu ya fi kamata mu sassauta.

Ɗan yayata dai bai yi mini magana ba duk hanyar dawowa. Kwana biyu yana gaishe ni a tsaitsaye. Daga baya wani mai kamiyo ya sayi turbon, ya maida mishi kusan kuɗɗinshi. Baba ya sa shi ya fara da abin da ba a ɗauka a bidiyo: birki, tayoyi huɗu masu lafiya, radiyata, da auna matsin kowace silinda don a san ko injin zai ɗauki ƙari. Biyu daga cikin shidda sun nuna rauni. Yanzu kuɗɗin gyaransu yake tarawa, kuma ya rubuta TD04 a bangon ɗakinshi da alli. Sha'awar tana nan, ban kuma nemi in kashe ta ba. Yaron da ke son sanin abin da ke cikin injin, in ya samu mai nuna mishi, gobe shi ne makaniken da za mu riƙa kai ma motocinmu.

Abin da ya rage shi ne inda za a gwada ƙarfin. Hanyar da ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta haɗa Yamai da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Tireloli na kanta, bis na kanta, ga amalanken shanu, ga ƴan kabu-kabu, ga ɗiyan lekol masu tsallakawa, ranar kasuwa kuma kowa ya san yadda bakinta ke cika. Ba filin wasa ba ne. Haka ma ranar biki, inda ake juyi da mota tsakiyar mata da yara don a burge ango. Doki 200 a hannun wanda bai saba ba sun isa su maida gidan biki gidan makoki. A wuraren da wasan ya zauna da gindinshi, fili ake keɓewa, a nisanta ƴan kallo, direba ya sa hular kwano ya ɗaura bel. In samarinmu da gaske suke, su haɗa kansu su je wurin magajin gari da jandarma su nemi fili da izini. Fili dai ba shi ne ya yi muna kaɗan ba a Arewa.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗɗinka, ka tambayi mai sayarwa daga wace mota anka ciro turbon, lita nawa ne injinta, esansi take sha ko gazuwal. Ka tambayi makanike bar nawa zai sa, wa zai gyara ma ƙwaƙwalwar motar ma'auni, kuma ya auna matsin silindarka ko bai auna ba. In ya amsa da lamba, zauna ku yi magana. In ya ce "kai dai bari ka gani", ɗauki makullinka. Iyaye kuma, in yaro ya shigo da buhu, kada a fara da faɗa, a kai shi wurin mai tsinke da lissafi.

Makanikanmu na Tibiri da Dogon Dutsi da kewaye, ƙofar situdiyo a buɗe take gare ku, ku zo ku yi ma matasa wanga bayani da bakinku. Allah shi tsare mu bisa hanya, shi kai kowa gida lafiya. Sai an jima.